A Yanki Kuɗin Tsaro A Biya Marasa Aiki? Yadda Aka Kwashe A Zauren 'Yan Jos

Sadiq Unguwar Rogo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina da magana, kuma na san za a yi mini ca. A kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya kai majalisa, tsaro ya samu naira tiriliyan 4.91, ilimi tiriliyan 3.52, lafiya tiriliyan 2.48. Kullum tsaro ne a gaba, amma har yau mutum ba ya kama hanyar Bokkos bayan magariba da kwanciyar hankali. Ni shawarata a yanki kashi 10 cikin 100 na kuɗin nan a riƙa bai wa matasan da ba su da aiki alawus duk wata, yadda ake yi a Turai. Yaron da ya ci ya ƙoshi ba zai ɗauki makami saboda dubu biyar ba.

Baba Saje: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka sa wuƙa ka fara duba abin da za ka yanka. Wannan kuɗin ba na soja kaɗai ba ne, har da 'yan sanda da sauran masu kaki a ciki, kuma kaso mafi tsoka albashi ne da alawus da abinci da man mota. Idan aka ce a rage, wallahi ba daga aljihun janar za a cire ba. Daga kwanon kurtun da ke tsaye a shinge a Barikin Ladi cikin sanyin Disamba za a cire. A cikin kaki na tsufa, na san ta inda ake fara tsuke bakin aljihu.

Sadiq Unguwar Rogo: Allah ya huci zuciyarka Baba, ba da kurtu nake ba.

Baba Saje: Na sani. Amma a kansa za ta ƙare.

Hajiya Talatu Mai Dankali: Ni ban yi boko mai nisa ba, abin da na gani zan faɗa. Duk ranar da aka ce hanyar Mangu ba lafiya, motar dankali ba ta shigowa Farin Gada. Ranar nan 'yan dako zaune, masu baro zaune, mai ɗinkin buhu zaune, har mai sayar mana da shinkafa da wake sai ta koma gida da tukunyarta. Bayan harin jajibirin Kirsimeti na 2023 mutane nawa suka bar gonakinsu a Bokkos? Waɗannan duk marasa aiki ne, kuma ba masana'anta ce ta kore su ba, bindiga ce. To Sadiq, ka ga tsaron ma aiki ne. Sai dai fa Baba Saje, tiriliyan ɗin da ake kira mu ba mu gan su a hanya ba. Abin da muke gani a shinge shi ne direba ya miƙa hannu ta taga, mu kuma a ƙara mana kuɗin buhu.

Nura Akanta (Abuja): Bari mu buga lissafin Sadiq mu gani. Kashi 10 na tiriliyan 4.91 shi ne biliyan 491. A ce kowa dubu 30 za a ba shi a wata, irin na shirin N-Power na ɗaukar matasa aikin wucin gadi, wato dubu 360 a shekara. Kuɗin zai ishi mutum miliyan 1 da dubu 360 da 'yan kai. A ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Kano da Legas kaɗai sun cinye jerin sunayen kafin a iso Filato. Kuma dubu 30 ɗin ba ta kai rabin mafi ƙarancin albashi ba, tunda an mayar da shi dubu 70 a Yulin 2024.

Sannan ka bar giwa kana nuna zomo. A wannan kasafin dai da ka ɗauko, biyan bashi tiriliyan 15.81 aka rubuta masa. Ka haɗa tsaro da ilimi da lafiya gaba ɗaya, tiriliyan 10.91 ne, ba su kamo shi ba.

Sadiq Unguwar Rogo: Yaya Nura, miliyan ɗaya ma ai mutane ne. Ni na ci N-Power, na koyar a firamare da shi. Dubu 30 ɗin nan ita ta biya mini kuɗin koyon gyaran waya. Yau da ba don ita ba ko Keke Napep ɗin da nake ja ba zan samu kuɗin ajiyarsa ba.

Anti Jamila (Ingila): Sadiq ƙanena, tunda ka kawo Turai bari na gyara maka wani abu, don mutane na ɗauka a nan zuwa ake yi a sa hannu a karɓi kuɗi. Asalin tsarin adashe ne. Kana aiki ana cirar maka kuɗin inshorar ƙasa a albashi, mai kamfani ma yana zuba nasa. Ranar da aiki ya ƙare sai ka kwashi naka, shi ma na wajen wata shida ne, kuma sai ka riƙa zuwa kana nuna shaidar cewa kana neman wani aikin. Ka yi wasa su datse. Akwai wani tallafin daban na masu ƙaramin ƙarfi wanda ake biya daga haraji, amma sai an binciki abin da ka mallaka da na matarka. Kuma harajin ba wasa ba ne: abin da ya haura fam 12,570 a shekara ana cire kashi 20 cikin 100, harajin sayen kaya na VAT ma kashi 20 ne. Namu na gida 7.5. A Amurka masu kamfani ne ke zubin, yawancin jihohi mako 26 suke biya. Ba ma sai an tsallaka teku ba, Afirka ta Kudu ma'aikaci na zuba kashi 1, mai kamfani kashi 1. Ko'ina dai zubi ne kafin kwasa.

Hajiya Talatu Mai Dankali: To Jamila ai kin gama magana. Adashe ba ya mutuwa don rashin masu zubi, uwar adashe ke kashe shi. Mu wa za mu ba riƙo?

Danladi Bukur: Ni wannan zancen a jikina yake. Kamfanin da nake yi wa aiki ya rage ma'aikata bara, suka ce dizal da canjin dala sun cinye riba. Takarda ɗaya aka ba mu da albashin wata ɗaya, shi ke nan. Duk tsawon zamana a wurin ba watan da ba a cire mini haraji ba. Da na fito babu ofishin da zan je in ce ga ni, na biya, yanzu ku riƙe ni kafin in samu wani. To harajin na mene ne? Yara uku a makaranta, mai gida kuma ba ya jin labarin dizal.

Nura Akanta (Abuja): Allah ya kawo mafita Oga Danladi. Tambaya ɗaya: ana cire maka fansho?

Danladi Bukur: Ana cirewa, yana nan a takardar albashi.

Nura Akanta (Abuja): To kana da haƙƙi, mutane da yawa ba su sani ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai kamfani kashi 10. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ya taru masa. Ka ɗauki takardar sallama ka je wurin kamfanin fanshonka. Amma ka fara neman bayanin asusun, don wasu masu kamfanin suna cirewa a albashi ba sa turawa. Wannan shi ne abin da ya fi kusa da alawus ɗin rashin aiki a Najeriya, kuma ka lura kuɗin tsufanka ne kake ci tun yanzu. Akwai kuma kashi 1 da kamfanoni ke biya wa hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, amma wannan na wanda ya ji rauni ne ko ya rasu a bakin aiki, ba na wanda aka sallama ba.

Kawu Iliya: Ku yara kuna maganar haraji kamar jiya aka fara. Mu mun ga lokacin da dagaci ke zuwa da dogarai, mutum ya hau rufin ɗaki ko ya kwana a gona don kada a kama shi. Bafulatani ya kora shanu cikin dare saboda jangali. Abin da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kai ke nan, har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali da suka hau mulki a 1979. Mun yi murna, ni har rawa na taka. Amma da girma ya zo na lura da wani abu. Lokacin da talaka ke ƙirga kuɗi da hannunsa ya miƙa, yana da bakin tambayar ina rijiya, ina asibitin sha-ka-tafi. Da kuɗin mai ya zo, gwamnati ta daina buƙatarmu, mu ma muka daina tambayarta. Kowane wata a je Abuja a raba, a dawo.

Anti Rifkatu: Kawu, da girmanka, ban yarda talaka ya daina biya ba. Ya daina ganin rasit ne kawai. Katin waya akwai VAT, ka tura dubu 10 ta banki a cire naira 50, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota daga Terminus zuwa Bukur ya zama abin da ya zama. Mu malaman makaranta kuwa ba ma a tambayarmu, kafin albashi ya shigo an riga an yanka. Wanda ke da shaguna goma a Ahmadu Bello Way ban san abin da yake biya ba, amma nawa kowa na iya gani.

Nura Akanta (Abuja): Anti, a nan sabuwar dokar haraji ta ɗan taɓa. An sa mata hannu a Yunin 2025, ta fara aiki Janairun 2026. Dubu 800 na farko a shekara babu haraji, mai mafi ƙarancin albashi ba ya biya. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, a haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai dubu 200 a wata, ko ba a cire masa fansho da rangwamen haya ba, harajinsa dubu 20 ne a wata. Kuma ki sani harajin albashinki ba Abuja yake zuwa ba, asusun jihar Filato yake shiga. Ko jirgin yaƙi ɗaya ba a saya da shi ba. Idan za ki tambaya, a nan Jos za ki tambaya.

Anti Rifkatu: Yauwa, to a nan ɗin ma ina da tambaya. Kuɗin tsaron da gwamnoni ke karɓa wanda ba a bincika, na wane ne? A 2018 ƙungiyar Transparency International da CISLAC sun ƙiyasta cewa irin wannan kuɗin ya kai dala miliyan 670 a shekara a faɗin ƙasar nan. Ba kwangila, ba rasit, ba mai binciken kuɗi. Ni 'yar Bokkos ce. Mutanenmu na kwana a coci da makarantu, ga rundunar tsaro ta musamman a jihar nan tun 2010, ga runduna ta 3 a Rukuba, ga Operation Rainbow ta jiha. Ba sojoji nake zagi ba Baba Saje, na ga gawar yaran da suka mutu suna kare ƙauye. Tambayata ita ce, wa ya taɓa ganin takardar abin da aka kashe?

Baba Saje: 'Yata, ba ki zage ni ba, abin da ke cina kika taɓo. Ku tuna 2014. Sojoji suka ce ba za su shiga daji ba da bindigar da ba ta kai ta abokan gaba ba, kotun soja ta yanke wa 54 hukuncin kisa a watan Disamba, daga baya aka mayar ɗaurin shekara 10. A shekarar nan dai aka kama jirgi a Afirka ta Kudu da tsabar dala miliyan 9.3 wai za a sayo makamai. Makamai a jaka kamar za a sayi goro! Da gwamnati ta sauya sai ga zancen dala biliyan 2.1 na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. An tsare Sambo Dasuki, wanda ya riƙe ofishin a lokacin, daga Disambar 2015 zuwa Disambar 2019, ya musanta zargin, kuma ni dai ba alƙali ba ne. Amma yaran da aka ce sun yi tawaye sun riga sun ci gidan yari. Shi ya sa nake cewa kada a rage kuɗin, a bi sawunsa. Tsofaffin sojoji sun sha toshe ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja kan haƙƙinsu, kun gani a labarai. Da kuɗin na isa ƙasa da ba a ga haka ba.

Alhaji Garba: To tunda an fara jifan 'yan kwangila bari in leƙo. Ba duk ɗan kwangila ne ɓarawo ba jama'a. Ni na yi kwangilar kai hatsi da gyaran gini wa wata hukuma. Ka ci bashin banki da ruwa, ka yi aiki, a riƙe maka kuɗi shekara biyu, naira ta faɗi a tsakani. Idan ban sa wannan a farashi ba gidana za a sayar. Sannan kafin fayil ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan, kowa ya san abin da ke ɗaga shi. Buhun dubu 50 ya koma dubu 90 a takarda, ku ce Alhaji ya ci. Alhaji dubu biyar ya gani.

Sadiq Unguwar Rogo: Ranka ya daɗe, ai ka amsa laifi ke nan a gaban shaidu.

Alhaji Garba: Kai yaro, ka ja kekenka. Ranar da ka kai fayil za ka gane.

Malam Shu'aibu (mai kula da zaure): A yi a hankali. Sadiq, Alhaji sa'an mahaifinka ne. Kuma wanda ya turo tallan fili a Rayfield ya goge, ba yau ba.

Nura Akanta (Abuja): Abin da Alhaji ya faɗa gaskiya ne a ƙananan kwangiloli, amma na makamai wani gari ne daban, su Alhaji ba sa ko jin ƙamshinsa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tilasta a yi talla, a yi gasa, hukumar BPP mai sa ido kan kwangiloli ta duba. Sai dai a sashe na 15 an ware kayan da suka shafi tsaron ƙasa, dokar ba ta hawa kansu sai shugaban ƙasa ya amince. Dalilin a fili yake, ba za ka buga a jarida irin harsashin da kake da shi ba. Amma da wannan ƙofar ake shigar da takalmi da katifa da ginin gidan baƙi, duk a ce sirri ne. Mene ne sirri a farashin katifa?

Ku dubi jiragen yaƙin Super Tucano. Guda 12, an biya gwamnatin Amurka dala miliyan 496 a 2018 daga asusun rarar mai, majalisa ta yi ta hayaniya don Buhari ya biya kafin ta amince. Jiragen sun fara isowa a Yulin 2021. Ko me za ka ce game da yadda aka fitar da kuɗin, mun san adadi, mun san farashi, mun ga kaya, saboda ciniki ne tsakanin gwamnati da gwamnati kuma can dole a sanar da majalisarsu. Wanda aka bi ta hannun dillali fa? Nan ne ake jin kuɗi ba a ganin kaya.

Anti Jamila (Ingila): Kada dai a ɗauka Amurkan tsarkaka ne. Ma'aikatar tsaronsu na kashe sama da dala biliyan 800 a shekara, kuma tun da aka fara binciken kuɗinta gaba ɗaya a 2018 ba ta taɓa tsallakewa ba. Shugabansu Eisenhower, wanda shi kansa janar ne, ya gargaɗe su tun 1961 kan ƙawancen sojoji da kamfanonin makamai. Kamfani irin Lockheed Martin sai ya rarraba aikin jirgi ɗaya a jihohi da yawa, ta yadda duk ɗan majalisar da ya ce a rage, mutanen mazaɓarsa ne za su rasa aiki.

Sadiq Unguwar Rogo: To Anti ai ko a ɓarnar ma sun fi mu dabara. Su kuɗin makamansu albashin 'yan ƙasarsu ne. Mu namu fa? Jirgi daga Amurka, wani daga Pakistan, helikwafta daga Turkiyya, wasu daga Italiya. Muna ciyo bashi muna biyan albashin ma'aikatan wasu ƙasashe. Ga DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, a Kaduna tun 1964, ta girmi iyayen wasunmu. Na janye maganar yanke kashi 10. A ce kawai duk kaki da takalmi da bargo da gadon barikin ƙasar nan a gida za a yi su. Teloli nawa ne a Jos? Masu walda nawa ne a Dilimi? Ga kamfanin mulmula ƙarfe nan a kwance.

Baba Saje: Yanzu ka fara magana. Amma da sharaɗi. Takalmin da zai ɓare a wata biyu, ko kakana ne ya ɗinka ba na so. Wanda ya taka dutsen Riyom da takalmi marar kyau ya san abin da nake nufi. An sabunta dokar DICON a 2023, muna jira mu gani a ƙafar kurtu.

Alhaji Garba: Kuma ku rubuta ku ajiye, ranar da aka ce a gida za a yi, wani zai buɗe kamfani a takarda, ya shigo da kwantena daga Sin, ya cire tambari ya manna nasa. Na san masu yi.

Danladi Bukur: Duk na ji, amma ku dawo kaina don Allah. Kafin DICON ta farfaɗo ni me zan ci? Kuma abin da ya fi ba ni haushi, wai a takarda ni ba marar aiki ba ne. Ina taya wani ƙanena a shagon caji ranar Asabar.

Nura Akanta (Abuja): Haka ne. A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta ce rashin aiki kashi 33.3 ne. Da ta sauya ma'auni, a farkon 2023 ya zama 4.1. Ba ayyuka aka samar ba, ma'anar ce ta sauya: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana ƙirga shi mai aiki. Ma'aunin duniya ne, ba ƙarya suka yi ba, sai dai an yanka shi ne don ƙasashen da mutum ke iya zama a gida gwamnati na biyansa. A nan wa zai zauna? Ko ruwan leda ka fita ka sayar. Lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce wadda hukumar ta bayar cewa sama da kashi 90 na masu aiki ba su cikin tsarin albashi da rajista. Ka ga irin Oga Danladi, da ke da takardar ɗauka da ta sallama, ana iya yi musu tsarin Afirka ta Kudu gobe idan an so, kashi 1 nan kashi 1 can. Amma ɗan dakon Hajiya ranar da mota ba ta zo ba, wa zai shaida ya rasa aiki? Wa ya san ma yana da shi?

Hajiya Talatu Mai Dankali: Ni na sani. Sarkin kasuwa ya sani. Ku ne a Abuja ba ku sani ba.

Kawu Iliya: Ta faɗa maka gaskiya Nura. Da can mai unguwa ya san kowa, har wanda ya kwana bai ci ba. Da wannan sanin aka karɓi haraji, da shi kuma za a iya rabo.

Anti Rifkatu: Kawu, rabo ta hannun masu unguwa a Jos? Mun ga rabon taki da na shinkafar korona. A garin nan kafin a rubuta sunanka sai an tambayi unguwarku, daga unguwar an san sauran. Jeri ɗaya zai iya tayar da abin da aka sha wahala aka kwantar. Gara a bi ta NIN da asusun banki, ko da za a yi kuskure, kwamfuta ba ta san sunan kakanka ba.

Sadiq Unguwar Rogo: Anti kwamfutar ma mutum ke danna ta. N-Power ta intanet muka cika, rukunin farko da na biyu mutum dubu 500, abin ya tafi daidai da farko. Daga baya sai bashin watanni, sai sunayen waɗanda ba sa zuwa aiki, har aka dakatar da shirin a Oktoban 2023. Wata uku bayan nan aka dakatar da ministar jin ƙai kanta, Betta Edu, kan zancen naira miliyan 585. Sannan dubu 25 na wata uku da aka ce za a bai wa gidaje miliyan 15, da bashin Bankin Duniya na dala miliyan 800. A layinmu dai ina ta tambaya.

Anti Jamila (Ingila): Tallafin talaka ma da bashi. To ku haɗa da tiriliyan 15 ɗin Nura.

Alhaji Garba: Ni fa tsorona daban. Ka fara bai wa matasa kuɗi suna zaune, ka koya musu zaman kashe wando. Yanzu ma neman yaron shago ake yi ba a samu.

Danladi Bukur: Alhaji nawa kake biyan yaron shagon?

Alhaji Garba: Wannan kuma tsakanina da shi ne.

Hajiya Talatu Mai Dankali: Ku bar Alhaji ya sha ruwa. Nura, kai da ka san takarda, ga tawa. A rana ɗaya mutum uku ke zuwa rumfata. Wannan ya ce na ƙaramar hukuma, wannan ya ce na shara, wannan ya ce na ƙungiya. Motar kuma tun daga gona ana yankar mata tikiti, kowace ƙaramar hukuma da igiyarta a hanya. In aka tara abin da nake bayarwa a shekara, na rantse ya fi na Rifkatu. Amma in an tashi magana a rediyo sai a ce 'yan kasuwa ba sa biyan haraji. Sharar kuma tana nan, mu ke biyan almajirai su kwashe.

Nura Akanta (Abuja): Hajiya, suna ba ki rasit?

Hajiya Talatu Mai Dankali: Wata 'yar takarda dai, shuɗiya ko ja. Na shara ma wani lokaci da alli yake yi wa rumfa alama.

Nura Akanta (Abuja): Akwai hatimin hukuma da lamba a jiki? An rubuta asusun da kuɗin zai shiga?

Hajiya Talatu Mai Dankali: Wace lamba? Kwanan wata ma da biro yake sawa.

Nura Akanta (Abuja): To gobe in Allah ya kai mu ki sa yaronki ya ɗauki hoton duka ukun ya turo nan, gaba da baya. Sadiq, kai ma turo tikitin da ake yankar muku na keke kullum safe. Ina so in ga guda nawa ne a ciki ke da sunan gwamnati.

Sadiq Unguwar Rogo: Namu biyu ne Yaya, ɗaya ma ba a ba da takarda, fenti ake shafa wa gilashi.

Malam Shu'aibu (mai kula da zaure): A turo hotunan, amma a rufe sunan mai karɓa da lambar wayarsa. Danladi, ka same ni ta gefe, akwai wanda ke neman mai kula da sito a Katako.